Yadda Manoman Riɗi Suka Hana a Rufe Reshenmu

Ban taɓa mantawa da waccan Litinin ta tsakiyar damina ba, ranar da aka tara mu, manajojin rassa, a hedikwatar kamfaninmu da ke Kano, aka haska rahoton kuɗi na rabin shekara a jikin bango. An jera rassan ne daga wanda ya fi kawo riba zuwa wanda ya fi cin kuɗi. Na fara neman Birnin Kudu daga tsakiya, idona yana sauka, yana sauka, har ya tsaya a layin ƙarshe. Sunana Saratu, ni ce manajar reshen a lokacin, wata tara ke nan da ba ni kujerar, bayan na yi shekara huɗu a teburin karɓar baƙi. Tunda an ce in yi wa sababbin ma'aikata magana a kan wani abu da ya taɓa faruwa da ni a aikin nan, wannan zan ba ku.

Ga wanda bai san sana'armu ba, abu biyu muke sayarwa. Na farko ofis ne da aka riga aka shirya: ɗaki da tebur da kujeru, wutar sola da ba ta ɗaukewa, intanet, firinta, ga mai shara ga mai gadi ga mai karɓar baƙi. Mutum ya biya kuɗin wata, ya shigo da kwamfutarsa ya hau aiki. Na biyu shi muke kira ofishin adireshi. A wannan ba a ba ka ɗaki. Kana sa adireshinmu a takardunka, mu karɓa maka wasiƙa, mu amsa waya da sunan kamfaninka, in kuma kana da baƙo sai ka kama ɗakin taro na awa ɗaya ko biyu. A Kano wannan na biyun yana tafiya, amma a wurinmu, tun da aka buɗe reshen ko mutum ɗaya bai taɓa sayensa ba, har mun daina ambatonsa.

An buɗe reshen ne da tunanin ƙungiyoyin agaji da 'yan kwangila da lauyoyi za su cika shi. Shekarar farko an yi dace, wata ƙungiya mai aikin kiwon lafiya ta kama ɗaki biyar cikin takwas ɗin da muke da su. Da aikinta ya ƙare ta kwashe kayanta ta tafi, aka bar mu da wani lauya da wani safiyo mai awon filaye. Hayar gida ba ta ragu ba, albashin mutum biyar bai ragu ba, batiran sola kuma ba su san ɗaki ya cika ko babu kowa a ciki ba. Duk ƙarshen wata sai hedikwata ta cika mana abin da za mu biya albashi.

Da aka tashi daga taron, Alhaji Nasiru, babban daraktanmu, ya ce in same shi a ofishinsa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce hayar gidan da muke ciki za ta ƙare nan da wata huɗu, kuma hukumar daraktoci ta yanke shawarar ba za a sabunta ba. Ni za a kawo ni hedikwata a Kano, sauran huɗun kuma a sallame su da haƙƙinsu. Na tambaye shi ko akwai abin da zai sa a sake shawara.

Ya ce, "Malama Saratu, abin da ke jikin bangon nan ne kaɗai zai sa. Ki canza shi, in canza magana."

A mota, duk tsawon hanyar Kano zuwa Birnin Kudu, mutanen nan huɗu nake tunani. Maryam da ta gaje ni a teburin karɓar baƙi ita ke riƙe da mahaifiyarta. Habu, akantanmu, bai daɗe da aure ba. Inna Ladi mai shara marayu take reno. Baba Isiyaku mai gadi, mutumin Wurno, ya haura sittin, ba kuma na jin akwai wanda zai sake ɗaukarsa aiki. Washegari na tara su na faɗa musu gaskiya, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Baba Isiyaku ya ce Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ya koma bencinsa.

Sati uku na yi ina abin da aka koya mana. Na buga takardun talla, na zaga sakatariyar ƙaramar hukuma, da bankuna, da asibiti, da makarantu. Kowa ya karɓe ni da fara'a, ya yaba, ya ajiye takardar. Masu buƙatar ofis a garin suna da nasu, marasa shi kuma suna ganin abin na manya ne. Na rage farashin ɗaki har iyakar da dokar kamfani ta ba ni, mutum ɗaya ya zo ya duba, ya sha ruwan sanyi, bai dawo ba.

Ana cikin haka wata safiya, an ɗauke wuta a gari, wani dattijo ya shigo da jakar leda cike da takardu. An gaya masa mu muna da wuta, yana so a yi masa kwafi. Ba aikinmu ba ne, amma Maryam ta tausaya masa ta karɓa. Ina wucewa na ga takardar farko, satifiket ɗin rajistar wata ƙungiyar manoman riɗi ce ta Maruta, a ƙasar Gwaram. Na gaishe shi, na tambaye shi abin da za a yi da kwafin. Ya ce sunansa Malam Sabo, shi ne shugaban ƙungiyar, kuma wannan shi ne karo na uku da zai nemi wani kamfani mai fitar da riɗi ƙasar waje ya riƙa saye daga hannunsu kai tsaye.

Na ba shi kujera ya zauna, ya ba ni labarin karo biyun farko. A na farko sun sa adireshin shagon wani ɗan'uwansa a cikin gari. Wasiƙar gayyata ta zo, ta kwanta a ƙarƙashin kanta, ba a gan ta ba sai da wa'adi ya wuce da wata guda. A na biyu kamfanin ya turo jami'i ya tabbatar da adireshin, ya zo ya tarar da shagon sayar da takalma, ya koma ya rubuta cewa ƙungiyar ba ta wanzu ba. Don haka duk shekara sai su zuba wa dillalai riɗinsu a farashin da dillalan suka ga dama, alhali sun san a can gaba kuɗin buhu ya kusa ninka abin da ake ba su.

Yana magana, na gane abin da yake nema shi ne abin da muke da shi mun rasa mai saye. Na yi masa bayanin ofishin adireshi a hankali. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

Ya ce, "To Hajiya, in na fahimce ki, mu biya kuɗin ofis, amma kada mu zauna a ciki?"

Na ce masa ba zama suke buƙata ba, aikinsu yana gona da sito. Abin da suke buƙata shi ne ƙofar da in an ƙwanƙwasa da sunansu za a sami mai amsawa. Ya ce maganar ta shige shi, amma kuɗin ƙungiya ba nasa ba ne. In da gaske nake, in zo Maruta in faɗa wa masu kuɗin da bakina.

Ranar Asabar muka tafi, ni da Baba Isiyaku, wanda ƙanwarsa take aure a can. Motar haya ta kai mu Gwaram, daga nan muka hau babura. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, sau biyu ina sauka in taka da ƙafa. Mun tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, maza sun kai arba'in, mata kuma suna daga cikin zaure suna ji. Baba Isiyaku ne ya gabatar da ni, ya ce ya san ni shekara biyar, bai taɓa jin na faɗi abu a bayan mutum da ba zan faɗa a gabansa ba. Wannan shaidar ta yi mini aikin da takardar talla ɗari ba za ta yi ba.

Tambayoyi biyu ne suka tsaya mini. Ta farko ta kuɗi ce. Dokar kamfaninmu ita ce a biya duk farkon wata ta banki. Ma'ajin ƙungiyar ya ce a tsakiyar damina manomi ba shi da kuɗi, abin da ke hannunsa ya tafi a taki da noman ciyawa, sai kaka. Na ce zan kai maganar sama. Ta biyu limamin garin ne ya yi ta, wani tsoho mai sanyin murya.

Ya ce, "'Yata, in muka rubuta wa mutanen nan cewa ga ofishinmu a Birnin Kudu, alhali ba mu da ko tabarma a can, ba mu yaudare su ba?"

Gaskiya a duk horon da aka ba mu babu wanda ya taɓa kawo wannan tambayar, kuma na san akwai masu sayen adireshi don su nuna girman da ba su da shi. Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, in aka rubuta haka, yaudara ce. Abin da za mu rubuta shi ne, nan ake aiko muku da wasiƙa, nan kuke ganawa da baƙi, gonaki da sito kuma suna Maruta. Duk wanda ya tambaye ni, haka zan faɗa masa, ko da zai sa ku rasa cinikin." Ya ce in haka ne shi ba shi da ja. Kafin mu tashi suka kai ni sitonsu, na duba, na ga littafin sunayen membobi, na ɗauki hoton katin shaidar shugabanni, don ƙa'idar aikinmu ce ba a ba kowa adireshi sai an tabbatar da shi da sana'arsa.

Maganar biya a kaka ita ta fi wuya. Habu ya ce tsarin kwamfutarmu ma ba shi da gurbin irin wannan. Na rubuta wa shugaban sashen kuɗi, ya amsa da layi ɗaya cewa ba a yi. Na hau mota na koma Kano wurin Alhaji Nasiru. Na ce masa, Yallaɓai, ɗakunan nan a rufe suke, wayar nan tana ajiye, Maryam tana zaune ana biyanta. In muka karɓi ƙungiyar nan babu ko sisi da za mu ƙara kashewa, in kuma ba su biya ba, abin da muka rasa shi ne abin da dama ba mu da shi. Ya tambaye ni ƙungiya ɗaya me za ta yi wa rahoton reshe. Na ce ba komai, amma a tsakanin Gwaram da Birnin Kudu irinsu suna da yawa, kuma duk idonsu yana kan wannan. Ya amince su ba da kafin alƙalami kaɗan, sauran a kaka, a kan ƙungiya ɗaya tak, kuma ya tuna mini cewa shawarar rufewa tana nan ba ta motsa ba.

Muka cike musu fom ɗin kamfanin riɗin a ofishinmu, ni da Malam Sabo da sakatarensu, muka rubuta adireshin yadda na yi wa Liman alkawari. Habu ya buɗe musu akwatin imel, Maryam ta ware musu fayil da aljihun tebur guda, aka rubuta sunan ƙungiyar a allon da ke bakin ƙofa, ƙarƙashin na lauya da na safiyo. Daga nan sai jira. Wata guda ya wuce, na biyu ya wuce. Malam Sabo yakan bugo duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Maryam ta ce masa tukuna. Ni kuma a hedikwata an fara tambayata jerin kayan ofis, don a san abin da za a kwaso da abin da za a sayar.

Saura sati biyar hayarmu ta ƙare, aka bugo waya. Maryam ta ɗauka, ta amsa da sunan ƙungiyar kamar yadda aka koya mata, na ga ta miƙe tsaye. Kamfanin riɗin ne, jami'arsu mai tantancewa za ta zo ranar Laraba da ƙarfe goma. Nan take na sanar da Malam Sabo. Sai kuma na yi wani abu da har yau nake mamakin ƙarfin halina: na bugo wa Alhaji Nasiru na ce, tunda dama zai zo ya duba kayan da za a kwashe, ina roƙonsa ya zo ranar Laraba. Na so ya gani da idonsa. Na kuma san in abin ya lalace, a gabansa zai lalace.

Ranar Laraba da asuba aka yi ruwan ƙarshen damina, mai ƙarfi. Ƙarfe tara da rabi Alhaji ya iso da direbansa. Ƙarfe goma daidai jami'ar ta iso, Madam Ronke, mace mai gilashi da ƙaramin littafi a hannu, ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Malam Sabo kuwa babu shi. Na kira shi, ya ce rafin da ke kan hanyarsu ya cika, suna bakinsa shi da ma'aji, suna jiran ya janye.

Na shigar da ita ɗakin taro, Inna Ladi ta kawo shayi, na ajiye mata fayil ɗin. Ta duba satifiket, ta duba sunayen membobi, ta fita ta kalli allon ƙofa, ta ɗauki hotonsa. Alhaji yana zaune a gefe kamar baƙo, bai ce shi ne mai wurin ba. Da ta dawo sai ta tambaye ni wanne ne ɗakin ƙungiyar, tana so ta ga teburin shugaba.

A wannan lokacin ɗaki shida ne a buɗe babu kowa, kowanne da tebur da kujera mai juyawa. Da na nuna ɗaya, da ta ɗauki hoto ta wuce. Na ga Alhaji ya ɗago kai yana kallona. Na ce mata ba su da ɗaki a nan. Na ce nan adireshinsu ne da wurin ganawarsu, kamar yadda aka rubuta a fom, aikinsu kuma yana Maruta, shugabansu ma yanzu haka ruwa ne ya tare shi a hanya. Ta rufe littafin. Ta ce a wannan shekarar kaɗai ta sha ganin kamfanonin da allo ne kawai da lambar waya, kuma ita ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba. Motar da ta kawo ta ƙarama ce, direbanta ya riga ya ce ba zai shiga hanyar karkara ba. Ta fara mayar da takardu cikin jaka.

Na juya wurin Alhaji. Motarsa mai tsayi ce, irin wadda take shiga ko'ina. Na ce masa da Hausa, "Yallaɓai, ina neman aron motarka da kai kanka, na awa uku."

Ya kalli agogonsa, ya kalli takalminsa, ya miƙe ya ce wa direba ya tayar da mota.

Mun sami Malam Sabo da ma'aji a bakin rafin, wandunansu a naɗe har gwiwa, takardu a cikin leda a kan kai. Ruwan ya ja baya, direba ya lallaba ya haye, muka ɗauke su. Da muka doshi Maruta, hagu da dama an yanke riɗi an ɗaure shi dami dami an jingine yana shan iska. Madam Ronke ta ce a tsaya. Ta sauka ta shiga gona da takalminta, ta fasa kwanso ɗaya a tafin hannu, ta duba farin ƙwayar, ta tauna. Sannan ta sake buɗe littafin.

A sito ta shafe fiye da awa guda. Ta duba daɓen, ta duba katakon da ake ɗora buhuna a kai, ta tambayi yadda suke kaɗa riɗi, suka nuna mata tamfol ɗin da suke shimfiɗawa don kada yashi ya shiga. Ta tambayi irin maganin da suke fesawa da lokacin da suke dainawa, ina fassarawa, sakatare yana buɗe littafinsa yana nuna mata. Ta ga mata suna sheƙa ragowar na bara a faifai, ta tsaya ta kalle su. Da ta gama, a nan kan buhu ta sa hannu. Ta ce in gaya wa Malam Sabo akwai abu biyu da za su gyara, tagar sito tana buƙatar raga, sikelinsu kuma a kai shi a daidaita, amma za ta rubuta cewa ƙungiyar tana nan, kayanta suna da kyau. Ta ƙara da cewa da na nuna mata ɗaki a Birnin Kudu, da ta tambayi mai gadi, don haka take yi a ko'ina, kuma da maganar ta ƙare a nan. Na fassara. Malam Sabo ya cire hularsa ya share goshi, ya yi hamdala a hankali har sau uku.

Duk wannan lokacin ban lura da Alhaji Nasiru ba. Da na fito na same shi a inuwar wata bishiyar maina, an ba shi kujera, mutane sun kewaye shi. Labari ya bazu cewa mai ofishin ne da kansa ya zo. Wasu mutum biyu daga Zandam, masu zoɓo, suna tambayarsa ko su ma za a iya rubuta sunansu a allon. Wani Bafulatani da ke jagorantar masu kiwo yana cewa su ma wata takardar tallafi ta taɓa wuce su saboda rashin inda za a aiko ta. Wata mata ta aiko daga cikin zaure cewa ƙungiyarsu ta masu man gyaɗa tana da rajista shekara uku, ba ta da adireshi. Alhaji ya ciro biro, ya rasa takarda, ya riƙa rubuta sunaye a bayan jerin kayan ofis ɗin da ya zo da shi don kwashewa.

Muka kamo hanyar dawowa, muka hau kwalta. Sannan ya ce in rubuto masa tsarin biyan kaka a tsanake, da sharuɗɗan tantancewa, zai kai wa hukumar daraktoci da kansa. Hayar gida kuma a sabunta ta shekara ɗaya, a gani.

Kafin a gama kaka kamfanin riɗin ya aiko da wasiƙar amincewa, ta zo teburin Maryam, ta kai ga Malam Sabo a ranar. Motocinsu suka ɗauki kaya daga Maruta kai tsaye. Sati biyu bayan an biya su, Malam Sabo da ma'aji suka shigo suka biya na shekarar gaba ɗaya, suka kuma biya na shekara mai zuwa, ba tare da kowa ya tambaye su ba. Habu ya bugo wa sashen kuɗi ya ce su duba asusun, sannan su gaya masa a wane gurbi zai shigar da wannan.

Daga nan abin ya buɗe. Ƙungiyoyi suka riƙa zuwa daga Zandam, daga Wurno, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Ba duka muka karɓa ba. Duk wanda ya zo sai na je ko na tura Habu ya ga sana'arsa, kuma mun mayar da wasu da suka ƙi a je. Abin da ban yi tsammani ba shi ne ɗakunan. Da masu saye suka gane cewa a wurinmu ake samun manoma a tsare, wakilansu suka fara kama ɗaki na watannin kaka, wani mai sayar da taki da iri ya kama na shekara, wani bankin ƙananan rance ya ajiye jami'insa a wurinmu ranakun kasuwa. Ɗakin taro, wanda a da Inna Ladi take share ƙurarsa kawai, sai da muka buɗe masa littafin layi.

A taron ƙarshen shekara ta gaba, a ɗaki ɗaya da bango ɗaya, aka haska rahoto. Reshen Birnin Kudu ne na biyu, babu wanda ya fi shi sai babban reshen Kano. Kuɗin da ofishin adireshi ya kawo mana ya fi na hayar ɗakuna, kuma kusan dukansa riba ne, tunda ba a ƙara gini ba, ba a ƙara ma'aikaci ba. Alhaji Nasiru ya sa na miƙe na yi wa sauran manajoji bayani, aka kuma umarci rassan da ke kusa da karkara su ɗauki tsarin. Mu biyar ɗin nan babu wanda ya rasa aikinsa, an ma ƙara mana albashi. Maryam ce yanzu take riƙe da ƙaramin ofishin da muka buɗe a Gwaram.

Bayan wannan taron da 'yan kwanaki, wata tsohuwa ta zo daga Maruta, Inna Hansai, ɗaya daga cikin masu man gyaɗa. Ta zo asibiti ne, ta ce a biyo da ita ta wurinmu. Ba ta da wasiƙa, ba ta da taro. Ta tsaya a gaban allon ƙofa, wanda a lokacin ya cika har an ƙara na biyu, ta ce in nuna mata nasu. Na ɗora yatsana a kan layin. Ta kalle shi, ta ce ita boko ba ta iya ba, amma ta yi makarantar allo, da da ajami aka rubuta da ta karanta abinta. A satin na kira mai rubutun allo ya ƙara ajami a ƙarƙashin kowane suna. Da ta dawo ganin likita, ta tsaya ta karanta da kanta, harafi bayan harafi, a bayyane, sannan ta shigo ta zauna a kujerar baƙi ta ce a ba ta ruwa, tunda ofishinsu ne.

Ku da za ku fara aikin nan, za a koya muku karanta rahoton kuɗi, kuma ku koye shi da kyau, don shi ke rufe reshe shi ke buɗe shi. Amma rahoto yana ƙirga waɗanda suka riga suka shigo ne kawai, ba ya san waɗanda ba su taɓa tunanin ƙofar tasu ba ce. Waɗannan sai an je an same su a inda suke, an ji lokacin da kuɗinsu yake zuwa, an kuma amsa musu tambayarsu da gaskiya. Tebur da kujera kowa yana iya saye. Abin da mutane suke biyanmu dominsa shi ne, in an zo nemansu ba sa nan, a sami wanda zai tsaya ya ce ya san su, ya ga aikinsu. Ranar da kuka faɗi haka a kan wanda ba ku sani ba, ranar kuka sayar da jarin kamfanin gaba ɗaya.